Rabin Albashi, da Yaron da Ƙanwata Ke Shayar Mini

Zuwa ga Alhaji, mai makarantar da nake koyarwa a bayan Ƙofar Na'isa, uba a gare ni kuma aminin marigayi mahaifina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan Baba Alhaji yana cikin ƙoshin lafiya, da Hajiya da sauran iyali, da fatan ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Ni ce Hadiza, malamar aji huɗu, 'yar marigayi Malam mai ɗinkin hula na gindin Dala, wadda ka ɗauka aiki shekara goma sha ɗaya da suka wuce ba tare da ka nemi kowa ya tsaya mata ba. Ban manta da wannan alheri ba. Shi ya sa ban ambaci sunanka ko na makaranta a nan ba, domin ba tozarci nake nufi ba. Sau biyu na rubuta maka ta hannun hedimasta, sau biyu ana ce mini takardar tana kan teburinka. Na san teburin nan da yawan takardu, don haka na fito fili, ko wani zai karanta maka a zaure.

Maganar kuɗin hutun haihuwa ce. Amma gara in faɗi gaskiya tun da wuri, kada a ɗauka kishin 'yan'uwana mata ne kaɗai ya sa na ɗauki biro. Ƙyashi ne ya sa. Ƙyashin ƙanwata nake yi, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ina so ka san yadda aka yi ƙa'idar makarantarka ta kai ni ga haka.

Na farko, yadda abin ya faro.

Shekara tara na yi da aure ban haihu ba. Ka sani, domin kai ka sha ba ni izinin zuwa asibiti, har ka taɓa aiko mini da zamzam. Ƙanwata Safiya kuwa, wadda ni na goya ta, ni na koya mata haɗa baƙi, bara ta yi aure. Tana aiki a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya. Da Allah ya tashi ikonsa sai ya haɗa mana ciki lokaci guda. Na haifi namiji ranar wata Talata, bayan kwana tara ita ma ta sauka, ta sami mace, aka sa mata sunan mahaifiyarmu muna kiranta Ummi. Da yake mu duka haihuwar fari ce, sai aka kwaso mu wankan gida wurin Hajiya mahaifiyarmu a Dala. Ɗaki ɗaya, murhu ɗaya, tukunyar wanka ɗaya. Hajiya ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Ta shimfiɗa jariran a katifa ɗaya tana kiransu ango da amarya, duk wanda ya shigo barka sai ta ce masa ita ta riga ta karɓi sadaki, kada wani ya yi wahalar zuwa nema.

Maigidana zare da kayan ɗinki yake sayarwa a Ƙofar Wambai. Ya yi abin da zai iya, kuma ba zan bari a ga gazawarsa ba. Ya yanka rago, ya sayi ƙauri, ya turo itacen wanka a kura. Amma haihuwar ta zo mini da gardama, kwana uku muka yi a asibiti, abin da ya tanada ya tafi can. Itacen da ya kawo ya ƙare tun ba mu yi kwana ashirin ba. Ni kuma na kwantar da hankalina, na ce ai albashina na tafe.

Na Safiya ya riga nawa shigowa. Muna zaune muna shan kunun kanwa wayarta ta yi ƙara, ta duba, ta yi hamdala, ta aika aka sauke itace har ya tokare bangon tsakar gida. Albashinta cikakke aka ba ta, har da ƙarin da aka yi musu saboda tsadar kaya, kuma wata huɗu aka ba ta ta zauna. Daga ranar har muka yi arba'in, duk ruwan da na yi wanka da shi kuɗin ƙanwata ne ya tafasa shi. Ba ta taɓa faɗa ba, ko a fuska. Ni ce dai duk safiya in Hajiya ta tsoma ganyen darbejiya a ruwan ta fyaɗa mini a baya, sai in ji zafin ya wuce na ruwa.

Na biyu, rabin da aka ba ni.

Da nawa ya shigo, na ɗauka kuskure aka yi, na buga wa ma'ajin makaranta waya. Ya yi mini bayani cikin ladabi, ba ni da ƙorafi a kansa. Ya ce ƙa'ida ta ce mai hutun haihuwa rabin albashi take karɓa na wata uku. Wannan na sani. Abin da ban sani ba shi ne, rabin na tsohon albashi ne, wanda ke rubuce a takardar ɗaukar aiki. Ashe ƙarin da ka yi mana lokacin da kuɗin mai ya tashi, wanda muka yi ta yi maka addu'a a kansa, ba albashi ba ne. Alawus ɗin mota ne, kuma mai jego ba ta hawa mota, don haka an cire shi gaba ɗaya kafin a raba sauran biyu. Baba Alhaji, da wannan alawus ɗin muke cefane, kowa a makarantar nan ya san haka. Babu malamar da ke zuba shi duka a adaidaita sahu.

A shekarata ta farko a makarantar, wata abokiyar aikinmu ta haihu, na je mata barka. Da rabin albashinta ta sayi buhun gero, ta sayi itacen da ya kai ta arba'in, har ta ɗinka atamfar fitar suna. Ina tunawa domin a gabana aka sauke geron. Ni nawa rabin, a ƙarƙashin wannan ƙa'idar dai, ko itacen bai isa ya saya ba. Takardar ƙa'idar tana nan yadda aka buga ta, a cikin durowar ofis, ba ta taɓa zuwa kasuwa ta ji yadda ake sayar da kwanon gero ba. A tsawon shekarun nan sau uku aka ƙara kuɗin makaranta, kuma ni da hannuna na raba wa 'yan ajina takardar sanarwa su kai gida. Kowace takarda da tsadar rayuwa take farawa. Ina so in ji dalilin da tsadar rayuwa ta san hanyar gidajen iyayen yara amma ba ta san hanyar ɗakin mai jego ba.

Ma'aji ya ce doka ce ta ce rabi. Na tambayi uwar wani ɗalibina da ta san harkar, ta ce abin da doka ta ce shi ne kada a ba da ƙasa da rabi, ba ta hana kowa ƙarawa ba. To ko da dokar ce, ai mutane ne suka rubuta ta, a lokacin da rabin yake ciyar da gida.

Na uku, abin da ya biyo baya.

Har makon da zan haihu ina shiga aji, don in tara hutuna gaba ɗaya in ci shi tare da yaron. Amma da muka yi arba'in na koma ɗakina, muka zauna da maigida muka duba, muka ga ba za mu iya wani wata a kan rabin nan ba. Kwana uku bayan arba'in na dawo aiki, na bar mako shida na hutuna a ofishinka. Ko yawon arba'in ban gama ba. Makaranta kuma ta hana zuwa da jarirai, don haka kullum da sassafe nakan kai shi Dala wurin Hajiya, in tatsi nono a kwalbar fida in bar mata, in hau adaidaita biyu zuwa Ƙofar Na'isa. Safiya tana gidan, domin mijinta a wani gari yake aiki, an bar ta ta ƙarasa hutunta a gaban Hajiya.

Madarar gwangwani ba ta cikin abin da za mu iya. Wuta kuwa ba ta zama a unguwar, firjin Hajiya ya zama wurin ajiye kwanuka, sai dai ta sa kwalbar a kwanon ruwa a gindin randa. Ranar Larabar mako na biyu aka yi wani irin zafi, kafin azahar nonon ya lalace. Da na dawo bayan la'asar na tarar da gidan shiru. Yaron yana barci a cinyar Safiya, ga ɗigon nono a gefen bakinsa, ga kwalbata a ajiye a cike. Ta ɗago ta dube ni ta ce, “Yaya, kuka ya yi ta yi har ya fara shiɗewa, ni kuma ga shi yana ta zuba. Ki yi haƙuri.”

Na yi mata godiya. Da baki na yi, Allah shi ne shaida a kan abin da ke zuciyata. Da ni ce a matsayinta abin da zan yi ke nan, kuma da ta bar shi ya ci gaba da kukan da ban yafe mata ba. Duk na san wannan.

Washegari Hajiya ta aika aka tambayi limamin unguwa. Ya ce ai magana ta ƙare, a wurin malamanmu ko sau ɗaya nono ya shiga cikin jariri ya isa. Yaron da Ummi sun zama wa da ƙanwa, haka duk 'ya'yan da Safiya za ta haifa nan gaba. Daga ranar Hajiya ba ta sake cewa ango da amarya ba. Kada Baba Alhaji ya ɗauka auren jarirai ne ya dame ni, wasa ne na kaka, wa ya san abin da Allah zai yi nan da shekara ashirin. Abin da ya tsaya mini shi ne, an yanke wa yaron nan hukuncin da zai bi shi har ƙarshen rayuwarsa, ya sami uwa ta biyu a shari'a, a daidai lokacin da nake tsaye gaban allo ina koya wa 'ya'yan wasu jam'i da tilo. Ba a yi shawara da ni ba, kuma babu wanda zan ce ya yi laifi a gidan. Hajiya ta ce tun da abin ya riga ya faru, a daina wahalar tatsa, Safiya ta ci gaba da ba shi. Yau mako uku ke nan tana shayar da shi daga safe zuwa la'asar, kwana biyar a mako.

Na huɗu, halin da nake ciki, kuma wannan ne ban iya faɗa wa kowa a gida ba.

Ka san al'adarmu ta kunyar ɗan fari. Ba na kiran sunansa, ba na yi masa wasa a gaban mutane, in baƙi sun zo ya yi kuka sai in yi kamar ban ji ba har sai Hajiya ta ce in ɗauke shi. Haka aka yi mana, haka muka tashi muka gani, ban taɓa jin nauyin abin ba sai yanzu. Safiya ita ma tana kunyar Ummi, sai ta juye duk son da ba ta da damar nuna wa tata a kan nawa. Ita ce mai yi masa rawa a cinya, ita ce mai yi masa kirari, ita ke sumbatar tafin ƙafarsa a gaban kowa, a ce kai, wannan yaro da innarsa. Da ina gida da ni ma na yi wa Ummi haka, an yi daidai. Amma ni ina aji.

Murmushinsa na farko ita ya yi wa. Ta ɗauka a waya ta turo mini, da kyakkyawar niyya, ina ofishin malamai ina duba littattafan yara. Na yi ta kallo har cajin wayar ya kusa ƙarewa. Ana jin muryarta a ciki tana kiransa, shi kuma idonsa na kanta. Ban ba ta amsa ba, da na koma gida na ce mata ban ga saƙon ba.

Yanzu in na dawo na karɓe shi na sa shi a nono, sai ya ja sau biyu ya saki, ya juya kai yana neman inda muryarta take. Nawa ya fara ja baya. Da farko in an tashi hutun tara yakan cika har ya jiƙa mini hijabi, in shiga tsohon sito na kusa da masallaci in tatse in zubar a magudana. Wannan makon ko jiƙa hijabin ya daina. Malamar asibiti da ke yi musu rigakafi ta ce in na samu na zauna da shi yini cur na 'yan makonni, yana ja, zai dawo, in kuwa aka ci gaba a haka zai ƙafe. Saura mako biyar hutun Safiya ya ƙare ta tattara ta bi mijinta. In ta tafi nawa ya ƙafe, ban san abin da yaron zai sha ba.

Na zama wata iri, Baba Alhaji. Ina shiga gidan Hajiya idona na kan Safiya. Ina ganin lallen da ta samu sukunin zama aka yi mata, ina ganin ta yi barcin hantsi fuskarta ta huta, ni kuwa na shigo da ƙurar alli da warin hayaƙin titi. Na fara neman laifinta. Na ce tana cika masa hoda, na ce tana naɗe shi da yawa a wannan zafi, alhali yaron ƙiba yake yi a hannunta. Rannan ta ajiye mini dambu na ce na ƙoshi, ga yunwa tana cina. Ita kuma ta fara ramewa, jarirai biyu ba wasa ba ne, amma ko sau ɗaya ba ta yi tsaki ba. Da za ta yi mini gori ko da sau ɗaya ne, da na sami abin riƙewa. Ina idar da salla ina istigfari, in fito in gan shi a bayanta, abin ya dawo sabo.

Nakan zauna in tambayi kaina da me ta fi ni. Ba ta fi ni karatu ba, ba ta fi ni daɗewa a aiki ba, naƙudar da na sha ma ta fi tata tsawo. Inda muka bambanta ɗaya ne. Ita wurin aikinta ya duba kasuwa ya gyara, ni nawa yana nan a kan farashin shekarar da aka ɗauke ni.

Na biyar, na san abin da za a ce. Za a ce makaranta ma tana jin jiki, ga kuɗin dizal, ga iyayen da ba sa biya a kan kari, ga malamar wucin gadi da za a ɗauka a madadin mai hutu. Ba na musu, ina ciki ina gani. Amma malamai mata mun fi maza yawa a makarantar nan, da mu ta yi suna, kuma a shekara ba a fi mutum biyu ko uku su haihu ba. A yanzu haka akwai biyu da ke da juna biyu, ɗaya ba ta da uwa a garin nan, balle ƙanwa mai shayarwa. Tun da ta ji labarina take tambayata yadda ake tatsa.

Don haka ga roƙona.

Ɗaya, a mayar mini da mako shidan da na bari, daga Litinin mai zuwa, da cikakken abin da nake karɓa a wata har da alawus. Ba bayan jarrabawa ba, domin nono ba zai jira jarrabawa ba. Na tsara darussan aji huɗu har ƙarshen zango, suna cikin kabad ɗin ajin, duk wadda za ta riƙe mini ba za ta sha wahala ba.

Biyu, a fito da takardar ƙa'idar nan a gyara ta. A riƙa auna kuɗin mai hutun haihuwa da abin da take kaiwa gida a zahiri, kuma a rubuta cewa duk ranar da aka ƙara kuɗin makaranta saboda tsadar rayuwa, shi ma a ranar zai ƙaru.

Uku, tsohon siton nan da nake zubar da nono a bayansa, babu komai a ciki sai karyayyun kujeru. A share shi, a shimfiɗa tabarma, a samo dattijuwa mai raino, mu za mu haɗa mu biya ta.

Huɗu, kai mutum ne da ake jin maganarsa a cikin masu makarantu, kuma masu yin doka suna zuwa gaishe ka ranar Juma'a, ina ganin motocinsu a ƙofar gidanka. Ka gaya musu rabin da suka rubuta ya tsufa. Su sa a doka cewa abin da ake ba mai jego ya riƙa tafiya tare da kasuwa, ko a ina take aiki, don kada samun zama da jariri ya zama sai wadda ta dace da wurin aiki.

Safiya za ta ga wannan wasiƙa, na sani, kuma a nan za ta fara jin abin da na ɓoye mata. Ki yafe mini, ƙanwata. Ba ki yi mini komai ba sai alheri, Allah ya raya miki Ummi, ya biya ki da abin da ba zan iya ba.

Ina roƙon Allah ya ƙara wa Baba Alhaji lafiya da nisan kwana, ya albarkaci makaranta da zuri'a, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya haɗa ka da amininka a Aljanna.

Tun daga farkon wasiƙar nan “yaron” nake ta cewa, kamar yadda aka koya mana. In an karanta wa Hajiya abin da zan rubuta yanzu za ta ce na zubar da kunya a bainar jama'a, na yarda. Sunan mahaifina gare shi, kuma kai ka ɗauke shi ranar suna ka yi masa addu'a. Ɗana ne, Baba Alhaji. Shekara tara na yi ina jiransa. Ka ba ni mako shida ya san ni ce uwarsa.

Wassalam.

'Yarka,
Hadiza, malamar aji huɗu.